Me ake nufi da "hoton ƙwaƙwalwa" a zancen ciwon damuwa da gado?

Kwanaki wata ƙanwata da ke aure a Tudun Wada ta ce mini: "Yaya, Inna ta yi fama da ciwon damuwa, ni ma na yi bayan haihuwa. In na kai ɗiyata asibitin Shika aka ɗauki hoton kanta, za a gane ko ta gada?" Tambayar ta tsaya mini a rai.

Hoton da take nufi shi ne na MRI. Mutum zai kwanta a tura shi cikin na'ura mai kama da bututu, ita kuma ta yi aiki da maganaɗisu mai ƙarfi ta fitar da surar cikin kai yanki-yanki. Ba yanka, ba zafi, sai dai ƙara mai yawa. Da shi likitoci ke ganin ƙari ko ɓarnar da ke bayan shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon damuwa fa? A 2016 wata gamayyar masu bincike mai suna ENIGMA ta kwatanta hotunan masu ciwon 1,728 da na masu lafiya 7,199. Sun ga hifokamfas, ɗan sashen da ke taimaka wa mutum adana abin da ya faru da shi, ya fi ƙanƙanta a masu ciwon da kusan kashi 1.2 cikin 100, musamman waɗanda ciwon ke tafiya yana dawo musu. Wannan ya ishe mu daina ce wa mai ciwon raunin imani ke damunsa. Ciwo ne, har a jiki yana da sawu.

Amma kashi 1.2 ɗin matsakaicin dubban mutane ne. Ka auna buhunan masara dubu a kasuwar Giwa, ka auna dubu a Sabon Gari, ƙila na Giwa su ɗan ɗara nauyi. In aka ajiye maka buhu guda a tsakar gida, sikeli ba zai faɗa maka daga ina ya fito ba. Haka hoton mutum ɗaya yake.

Batun gado kuwa gaskiya ne. A Amurka, Myrna Weissman ta Jami'ar Kolombiya ta bi wasu iyalai tun 1982, iyaye da 'ya'ya har jikoki, ta ga ɗan mai ciwon ya fi sauran yara yiwuwar kamuwa kusan sau uku. A 2009 aka duba hotunan mutum 131 daga cikinsu, aka tarar ɓawon ƙwaƙwalwa (wato shimfiɗarta ta waje) na ɓangaren dama ya fi siranta a 'yan gidan ciwon, har da waɗanda ba su taɓa kamuwa ba. Binciken tagwaye kuma ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 37. Saura yawanci abin da rayuwa ta ɗora wa mutum ne: rasuwa, bashi, rikicin aure, doguwar jinya.

Na ce wa ƙanwata ta riƙe kuɗinta, ta sa ido a kan yarinyar. In ta yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ta daina sha'awar abin da take so, barci da cin abinci suka rikice, a kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. In ta ambaci son mutuwa, a tafi a ranar. Likitan zai zauna ya yi mata tambayoyi, kuma cikin na farko akwai ko wani a gida ya taɓa yi.