Bobby Marshall

Robert Wells Marshall, wanda aka fi sani da Bobby Marshall (12 ga Maris, 1880 zuwa 27 ga Agusta, 1958), ɗan wasa ne kuma lauya, Ba'amurke baƙar fata daga jihar Minnesota. Shi da Fritz Pollard ne kaɗai baƙaƙen fata da suka buga kakar 1920, kakar farko ta gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda aka sauya wa suna zuwa NFL a 1922. Yana da shekara 40 a lokacin. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk sun riga sun tafi a filayen jami'a da ƙananan kulob-kulob na gari kafin a kafa gasar, shi ya sa littattafan NFL ba su riƙe komai nasa ba sai ɗan abin da ya yi a ƙarshe.

Asalinsa

An haife shi a Milwaukee, jihar Wisconsin, yana ƙarami iyayensa suka koma Minneapolis da ke jihar Minnesota. Kakansa na wajen uwa, Ezekiel Gillespie, cikin bauta aka haife shi, ya fanshi kansa, ya zauna a Milwaukee. A 1865 ya je jefa ƙuri'a aka hana shi, sai ya kai ƙara. A 1866 kotun ƙolin jihar ta yanke hukuncin cewa tun ƙuri'ar raba-gardamar 1849 maza baƙaƙen fata suka samu 'yancin zaɓe a Wisconsin, an dai danne musu ne tsawon shekaru. A irin wannan gida Marshall ya tashi. Ya yi makarantar sakandare ta Central a Minneapolis, inda ya yi suna a ƙwallo da besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda.

Wasan da matsayinsa a fili

Wannan wasa ba shi ne tamaular da aka saba kallo a gasar Ingila ko Sifaniya ba, duk da sunan ya zo ɗaya. Ƙwallon doguwa ce mai siffar gwanda, da hannu aka fi ɗaukarta, kuma aikin 'yan wasa 11 shi ne su kai ta ƙarshen filin abokan hamayya, su kuwa waɗancan su kayar da mai riƙe da ita. Akwai kuma maki da ake samu idan aka buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna biyu ta saman sandar da ke gicciye.

Marshall ɗan gefen sahu ne, wato mutumin da ke tsayawa a ƙarshen jerin 'yan gaba. A zamaninsa ba a raba masu kai hari da masu tsaron gida kamar yau ba. Mutum ɗaya ke yin duka biyun, daga busa ta farko har ta ƙarshe, da hular fata mara kauri ko ma da kai tsirara. Wasan ya yi muni har a 1905 mutuwar 'yan wasa ta sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i su gyara dokoki, kuma daga 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu. Wanda ya san abin da ake yi wa baƙon ɗan wasa a ƙarƙashin tarin mutane, inda alƙali ba ya gani, ya san halin da baƙar fata ɗaya tilo a fili yake ciki a wancan lokaci.

Shekarun jami'a

Ya buga wa Jami'ar Minnesota daga 1904 zuwa 1906 a ƙarƙashin koci Henry L. Williams. A kakar 1904 ƙungiyar ta ci wasanninta 13 duka, har da wanda ta lallasa Grinnell 146 da nema. A shekaru ukun nan ta ci wasa 27, ta sha kashi sau biyu kacal. Walter Camp, wanda jerin gwarazansa na shekara shi ne ma'aunin da kowa ke kallo a lokacin, ya sa Marshall a sahu na biyu na 'yan wasan ƙasar baki ɗaya a 1905 da 1906.

Wasan da aka fi tuna shi da shi an yi shi ne a watan Nuwamban 1906 a Chicago, da ƙungiyar koci Amos Alonzo Stagg, mai taƙama da Walter Eckersall, gwanin bugu da ƙafa na zamanin. Sai ga shi bugun Marshall ne ya raba gardama. A dokar lokacin irin wannan bugu maki huɗu ne, aka tashi 4 da 2. Sunan filin da aka buga wasan kuwa Marshall Field, sunan wani attajirin ɗan kasuwa ne na birnin wanda ba su haɗa komai da ɗan wasan ba, amma dai a ranar sunan ya dace.

A 1907 ya kammala digirin lauya.

Lauya, besbol da hatsi

Aikin lauya bai riƙe shi ba. Baƙaƙen fata a Minneapolis ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mazauna birnin ba a ƙidayar 1910, fararen fata kuma ba su saba kai shari'arsu wurin lauya baƙi ba. Wasa ne ya fi kawo kuɗi. Ya buga besbol a ƙungiyoyin baƙaƙen fata, tunda manyan gasannin wannan wasa a rufe suke gare su, ciki har da Minneapolis Keystones da St. Paul Colored Gophers. Yana cikin Gophers a 1909 lokacin da suka doke Leland Giants ta Chicago a wasa uku cikin biyar, suka kuma yi iƙirarin su ne zakarun baƙaƙen fata. Ya taɓa hoki na kan ƙanƙara, ya kuma horar da 'yan makaranta.

A 1911 gwamnatin jihar ta ɗauke shi aiki a sashen auna hatsi da duba ingancinsa, aiki mai nauyi a birnin da arzikinsa ya dogara kan niƙan alkama. Shekara 39 ya yi a nan, har ya yi ritaya a 1950. Duk ƙwallon da ya buga bayan 1911 a gefen wannan aiki ya buga ta, galibi ranar Lahadi. A wannan tsakanin ne ya yi wa Minneapolis Marines wasa, ƙungiyar da ta mamaye yankin amma ba a ajiye ƙididdigar wasanninta yadda ya kamata ba.

Rock Island da Duluth

Rube Ursella, abokin wasansa a Marines, shi ya ja ragamar Rock Island Independents ta jihar Illinois, ya tafi da wasu 'yan Minneapolis, har da Marshall. Ranar 17 ga Satumba, 1920, wakilan kulob-kulob suka zauna a shagon sayar da motoci na Ralph Hay a Canton, jihar Ohio, suka tabbatar da sabuwar gasa, Rock Island na ciki. Kwana tara bayan haka, ranar 26 ga Satumba, ta karɓi baƙuncin St. Paul Ideals a filin Douglas Park, ta ci 48 da nema. Ideals ba 'yar gasar ba ce, amma wannan ne wasa na farko da wata ƙungiyar gasar ta buga, kuma Marshall na ciki. Akron Pros ta Pollard ba ta fara ba sai mako guda bayan nan. A kan wannan lissafi ne masu tarihi ke cewa Marshall ne baƙar fata na farko da ya taka fili da sunan NFL. Rock Island ta kammala kakar da nasara 6, rashin nasara 2, kunnen doki 2.

Ya sake bayyana a gasar a 1925 tare da Duluth Kelleys, ƙungiyar da wani kantin kayan ƙarfe ke ɗaukar nauyinta, yana da shekara 45. Wasa uku ta buga a gasar, ta sha kashi a duka. Bayan nan ya koma ƙananan kulob-kulob, ya ci gaba da sa riga har ya haura 50.

Yadda sunansa ya ɓace

Ba shi ne baƙar fata na farko da aka biya kuɗin ƙwallo ba. Wannan lamba ta Charles Follis ce, wanda ya sa hannu a kwantiragi da ƙungiyar Shelby ta Ohio a 1904. A NFL kuwa, baƙaƙen fata 13 ne suka buga tsakanin 1920 da 1933, cikinsu akwai Duke Slater da Paul Robeson. Joe Lillard da Ray Kemp ne na ƙarshe. Daga 1934 zuwa 1945 babu ko ɗaya. Ba a rubuta dokar hanawa ba, kuma masu kulob-kulob sun yi ta musun cewa akwai yarjejeniya, amma shekara goma sha biyu a jere ba ta yi kama da dace ba. Wanda aka fi nunawa da yatsa shi ne George Preston Marshall, mai ƙungiyar Boston da ta koma Washington, wadda ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1962. Sunan dangi kawai suka haɗa da Bobby.

Wannan giɓi ya yanke zaren labari. Da Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Los Angeles Rams a 1946, Bill Willis da Marion Motley kuma suka shiga Cleveland Browns a wata gasar daban, sai jama'a da yawa suka ɗauka daga nan aka fara. Na farkon kuwa suka zama tamkar ba a yi su ba. Pollard, wanda ya ci kofi a 1920 ya kuma zama koci a 1921, sai a 2005 aka shigar da shi zauren karramawa na ƙwararru da ke Canton, shekara 19 bayan rasuwarsa. Slater ya jira har 2020. Marshall ya fi su rashin gata a wannan fanni: bai ci kofi ba, wasanninsa a gasar kaɗan ne, kuma ɗan gefen sahu na 1920 aikinsa tarewa ne da kayarwa, abin da babu mai rubutawa a lokacin.

Ya rasu a Minneapolis yana da shekara 78, aka binne shi a maƙabartar Lakewood. A 1971 aka shigar da shi zauren karramawa na 'yan ƙwallon jami'o'i, bisa abin da ya yi wa Minnesota daga 1904 zuwa 1906. Sunansa bai shiga na Canton ba.