Sinterklaas: Bikin Kyaututtuka na Ƙasar Holan

Sinterklaas biki ne da ake yi a Holan a daren 5 ga Disamba, a Beljiyam kuma da safiyar 6 ga wata. Sunan ya samo asali ne daga Waliyyi Nikolas, bishop na garin Myra da ke cikin Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kuma ya yi suna wajen kyauta a ɓoye. Baƙon da ya zauna a Holan yakan yi mamakin ganin cewa a gidaje da yawa, musamman masu ƙananan yara, wannan daren ne na rabon kyauta, ba Kirsimeti ba. Sunan Santa Claus na Amurka ma daga nan aka aro shi.

Hidimar tana farawa tun tsakiyar Nuwamba, ranar da Sinterklaas yake "isowa" daga Sifaniya a jirgin ruwa mai tururi. Dattijo ne mai farin gemu, da jar alkyabba da doguwar hular bishop da sanda, yana zaga gari a kan farin doki. Kowace shekara akan zaɓi gari ɗaya don babbar tarba da ake nunawa a talabijin, kuma tun 2001 akwai shirin labarai na yara da ke bin diddigin tafiyarsa. Jirgin da baran da ke rakiyarsa sun shahara ne ta littafin yara da malamin makaranta Jan Schenkman ya wallafa a 1850. Daga isowarsa, yara kan ajiye takalmi kusa da murhu da dare, su saka karas a ciki saboda dokin. Gari na wayewa sai su tarar da alewa, ko cakulan mai siffar harafin farko na sunansu, ko ƙananan biskit masu kirfa da kanumfari da ake kira kruidnoten.

Wasan manya ya fi ɗaure wa baƙo kai. 'Yan gida ko abokai sukan jefa ƙuri'a, kowa ya ciro sunan mutum ɗaya a asirce. Kyautar kanta sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba, har akan yanke iyakar kuɗin da za a kashe. Aikin yana wajen ɓoye ta: mai son ƙwallo sai ya ga an ƙera masa katon takalmin ƙwallo da kwali, ko kuma a sa shi tona cikin wani abu mai yauƙi kafin ya kai ga kayansa. Tare da ita akwai waƙa mai amsa-amo, da sa hannun Sinterklaas, wadda ke tono halin mutum na shekarar: makararsa, mantuwarsa, kekensa da aka sace don bai kulle ba. Dole ya karanta ta da ƙarfi a gaban kowa, a yi ta dariya. Wanda ya taso inda ake auna kyauta da tsadarta zai ɗan jima kafin ya gane cewa zolayar ce girmamawar.

Mataimakin Sinterklaas, Zwarte Piet (wato Baƙin Piet), shi ne ya jawo taƙaddama. A tsohuwar siffarsa, Turawa ne kan shafa baƙi a fuska, su sa jan baki da 'yan kunne da gashi mai nannaɗe. Masu kare al'adar sun ce kunkunniyar bututun hayaƙi ce ta baƙanta shi, amma hayaƙi ba ya sa wa mutum 'yan kunne. A 2011 'yan sanda suka kama masu fafutuka biyu, Quinsy Gario da Jerry Afriyie, wanda haifaffen Gana ne, a garin Dordrecht saboda rigunan da ke cewa Zwarte Piet wariyar launin fata ce. Daga 2019 babbar tarbar ta koma amfani da mataimaka masu ɗan dabbaren baƙin hayaƙi kawai a kumatu, a 2020 kuma firaministan Holan na lokacin, Mark Rutte, ya ce ya canza ra'ayinsa kan tsohuwar siffar.