Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Soja

Farfaɗo da tsohuwar motar soja shi ne a samo motar da rundunar soja ta gama aiki da ita ta sallame ta, a warware ta gaba ɗaya, a gyara kowane ɓangare, a mayar da ita kamannin da take da su lokacin da take bakin aiki. Masu yin haka sha'awa ce ke jan su da son adana tarihi, ba haya ko lodi ba. Motocin da abin ya shafa na jigilar sojoji da kaya ne, tun daga ƙanana irin su jif da Land Rover har manya masu ɗaukar tan uku zuwa huɗu irin su Bedford. Motoci masu sulke da masu ɗauke da makami ba sa cikin wannan lissafi, musamman a Nijeriya. A Kano abin bai zama ruwan dare ba, duk da cewa birnin yana da abubuwa biyu da masu wannan sha'awa a Turai suke nema ido rufe: busasshiyar iskar da ba ta cin ƙarfe da sauri, da ƙwararrun masu aikin hannu.

Asalin abin

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika duniya da waɗannan motoci. Tsakanin 1941 da 1945 kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera jif kusan 640,000, kamfanin GMC kuma ya ƙera babbar motarsa mai aksul uku, CCKW, sama da 560,000. Da aka ajiye makamai sai gwamnatoci suka yi gwanjon rarar da araha. Manoma da 'yan kwangila da masu jigila suka saye, suka yi ta aiki da su har yawancinsu suka mutu. Sai da aka shafe wajen shekara ashirin ko fiye kafin wasu su farga cewa abin da ake gani a ko'ina ya fara wuyar gani. Daga nan ƙungiyoyin masu adanawa suka ɓullo, kamar Military Vehicle Trust a Ingila da Military Vehicle Preservation Association da aka kafa a Amurka a 1976. Suna taruwa kowace shekara, kowa ya zo da tasa, a yi jerin gwano, a yi cinikin kayan gyara.

Yadda suka iso Kano

Kano ba baƙuwar motar soja ba ce. A lokacin yaƙin, filin jirgin saman birnin zango ne a kan hanyar da jiragen yaƙi ke bi daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Khartum da Alƙahira, kuma hidimar irin wannan zango ba ta yiwuwa sai da motocin mai da na kaya. Dubban 'yan Arewa sun shiga soja a wancan zamani, sun yi yaƙi a Habasha da ƙasar Bama (Burma), wasu a can suka koyi tuƙi da kanikanci, suka dawo da sana'ar gida. Bayan 'yancin kai a 1960, sojojin Nijeriya sun gaji kayan aikin Ingila, wato Land Rover da Bedford. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗaɗa rundunar ƙwarai, motocinta ma suka ƙaru. Daga baya kayan Jamus da Ostiriya suka shigo, musamman bayan buɗe masana'antar haɗa motocin Steyr a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da ita ma Kano ta samu masana'antar haɗa manyan motocin Fiat a kan titin Zariya.

Akwai wata hanyar da ake yawan mantawa da ita. A shekarun 1970 da 1980, Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan sayi tsofaffin Bedford na sojan Ingila, su jera kujeru a baya, su keto Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka a Kano kafin su nausa kudu ko gabas. A nan suke hutawa, a nan ake yi musu gyaran abin da hamada ta karya. Dattawan bakanikai da yawa a irin waɗannan motoci suka fara sanin yadda giyar tayoyi huɗu take.

Waɗanda aka fi nema

Land Rover ita ce ƙofar shiga ga mai farawa. Ta fito a 1948, aka yi samfuri na biyu a 1958, na uku a 1971. Bodinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba na ƙarfe ne, kuma nan ne ciwon yake. Injinta mai lita 2.25 ba shi da wani ɓoyayyen sirri, har gobe ana ƙera kayan gyaransa sababbi.

Bedford RL ta fara fitowa a 1953, an ƙera sama da 70,000, tana da injin fetur mai silinda shida, lita 4.9. Magajiyarta, MK, ta zo a farkon shekarun 1970. Sa'ar da mai Bedford ke da ita a nan ita ce 'yan uwanta na farar hula sun daɗe suna dakon gyaɗa da auduga a hanyoyin Arewa, don haka akwai hannun da ya san injinta. Unimog 404 ta Mercedes, wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1980, ta fi su duka hawa da ratsa rairayi, domin an ɗaga aksul ɗinta sama da tsakiyar taya ta hanyar ƙananan giyoyi a jikin kowace ƙafa. Wannan dabarar ita ce kuma tsadarta idan ta lalace. Pinzgauer ta Steyr, mai injin da iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, tana da masoya, amma kayanta sai an sha wuya.

Samun motar

Mai nema yakan same ta a bayan tsohon gareji, ko a gona an mai da ita ma'ajiyar buhuna, ko a hannun magadan wani ɗan kwangila. Babban abokin takararsa 'yan gwangwan ne. Su a kilo suke saye, a sa wuta a yanka shasi a yini ɗaya, ƙarfen ya tafi masana'antar narkewa, alminiyam ya tafi wurin masu zubin tukwane. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ke nan, amma motar da ta shiga hannunsu ta tafi ke nan har abada, kuma ba a ƙera wata. Shi ya sa mai wannan sha'awa yake ƙulla zumunci da 'yan Kasuwar Ƙofar Ruwa, inda tsofaffin ƙarafa da kayan gyaran mota ke haɗuwa, don a kira shi kafin a kunna wutar yanka.

Kafin a yi ciniki, shasi ake fara dubawa, ba inji ba. A shiga ƙarƙashi da guduma ƙarama ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji ɗif, wani lokaci ma guduma ta faɗa ciki. Sai a nemi ɗan allon ƙarfen da aka buga lambar shasi da samfurin motar a kai. Da shi ake gane ainihin wace mota ce, wace shekara, wane kayan gyara ya dace da ita. Motar da allonta ya ɓata darajarta ta ragu ƙwarai.

Aikin kansa

A nan ne mai farfaɗowa da bakaniken yau da kullum suke raba hanya, ko da kuwa suna aiki a rumfa ɗaya. Burin bakanike mota ta tashi ta koma hanya, kuma a wannan fanni bakaniken Kano gwani ne na gaske. Da ya leƙa ya ga tsohon injin fetur sai ya ce, "Alhaji, mu sauke wannan mu ɗora mata na dizal ɗan Japan, ka huta." Shawarar ba ta banza ba ce, mota za ta yi tafiya, mai zai yi auki. Sai dai abin da zai fito daga garejin wata mota ce daban mai sanye da rigar tsohuwar. Mai farfaɗowa yana son injin asali, da kafireto na asali, da fitilu da agogunan gaban direba na asali. Idan dole ta sa a canza wani abu, ya fi kyau a yi canjin da za a iya warwarewa, a kuma adana abin da aka cire.

Ana farawa da ɗaukar hoton komai kafin a kwance ko noti ɗaya. Kowane rukunin noti da kusa a zuba a leda a rubuta inda ya fito, domin aikin yakan ɗauki shekaru, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan duka. A sauke bodi, a bar shasi tsirara, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya dasa sabo mai kauri ɗaya da na asali.

Injin da ya shekara goma a kwance ba a tayar da shi da gaggawa. A cire fulogai, a zuba mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki, sannan a gwada juya shi da hannu. Idan ya cije, haƙuri ake yi da shi, domin wanda ya sa ƙarfi ko ya ja motar da wata don ta tashi, zobban fistin zai karya ko ya lanƙwasa wani abu a ciki. Tankin mai a wanke shi, lagireto a kai a buɗe a tsefe. Tsofaffin injinan fetur an yi su ne a zamanin da ake zuba dalma a cikin mai, ita ke kare mazaunin bawul. Man yanzu babu ita, don haka idan an buɗe kan inji ya kamata a dasa mazauni mai tauri.

Abu biyu ne suka fi yi wa sabon shiga tarko. Na farko awon noti. Motocin Ingila na wancan zamani da inci aka yi su, wasu ma da tsohon awon Whitworth, na Jamus da Ostiriya kuwa da milimita. Yaron gareji zai ɗauko sifana mai lamba 13 ya ɗora a kan notin rabin inci, ta shiga da ɗan sako-sako, ya danna, kan notin ya murje. Mafi muni shi ne a tura kusar milimita cikin ramin inci da ƙarfin tsiya, zaren ya tafi. Na biyu wuta. Da yawa daga cikin motocin soja na bayan Yaƙin Duniya na Biyu bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu a jere, jif ɗin zamanin yaƙi kuma bolt 6. Wanda ya sa ƙwan fitila ko kwayil na ƙaramar mota mai bolt 12 a layin 24 zai ga hayaƙi nan take.

Birki ba wurin tsimi ba ne. Da yawa daga cikin waɗannan motoci layin man birkinsu ɗaya ne tal, idan bututu ya fashe a ko'ina duk ƙafafun sun tafi. Sai a sabunta bututu da robobi gaba ɗaya. Tsohon takalmin birki yakan ƙunshi asbestos, ƙurarsa tana illa ga huhu, don haka ba a hure ta da iska, jiƙa ta ake yi a goge. Manyan tayoyi masu rim mai zobe kuma sun hallaka masu faci da dama a duniya: idan zoben bai zauna daidai ba yakan fizge lokacin ba da iska, shi ya sa ake ɗaure shi da sarƙa, mutum ya tsaya gefe.

Ragowar aikin, Kano ta fi ƙarfinsa. Masu ɗinkin tamfol za su ɗinka rumfar baya idan an ba su tsohuwar su kwatanta, kafintoci su shimfiɗa katakon daɓe, masu kujera su yi nasu.

Zafi da ƙura

Abin da rashin laima ya rage wa ƙarfe, rana tana fanshewa a kan roba. Tayoyi da bututan ruwa da robobin aksul suna tsattsagewa ko motar ba ta motsa ba, saboda haka inuwa wajibi ce. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina. Yawancin waɗannan injina matatar iskarsu mai wanka da baƙin mai ce, a riƙa zubar da man ana sabuntawa. Da damina kuma kada a bar ruwa ya kwanta a lungunan shasi. Shan mai ma abin lissafi ne: Bedford mai fetur da ƙyar take cin kilomita huɗu da lita ɗaya, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 fita da ita ta zama ta ranar sha'awa.

Doka

A Turai kammaluwar aikin ita ce a mayar wa mota korenta na soja da lambobin rundunarta. A Nijeriya wannan haramun ne. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula amfani da motar da aka yi wa fenti da koren soja, kuma a halin tsaron da Arewa ke ciki, mota mai kama da ta soja a hannun wanda ba soja ba tana iya jawo wa mai ita abin da ya fi tara. Don haka ake zaɓar wani launi, kamar fari ko shuɗi ko toka, a bar tambari da lambar runduna da zanen ɓad-da-kama kwata-kwata. Wanda yake son ganin motocin yaƙi da kamanninsu na asali sai ya je gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahiya.

Batun sitiyari ma yana nan. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma ƙa'idojin hanya ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba, alhali yawancin tsofaffin motocin Ingila haka suke. Land Rover ana iya juya mata sitiyari da kayan kamfaninta, domin an ƙera ta iri biyu tun asali. Shigo da kayan da suka danganci soja daga waje yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Motar da aka saya a gida kuwa, a riƙe takardar gwanjon da ta nuna rundunar ta sallame ta, da rasit na kowane hannun da ta bi, kafin a nufi ofishin rajista da masu duba lafiyar mota.