Shekarar Farko a Makarantar Likitancin DO a Amurka: Tambayoyin Sabbin Ɗalibai

Shin wanda ya gama wannan makaranta cikakken likita ne?

Ƙwarai kuwa. A Amurka digirin likita iri biyu ne, MD (Doctor of Medicine) da DO (Doctor of Osteopathic Medicine), kuma mai kowanne yana duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya yi tiyata. Tushen DO daga Andrew Taylor Still ne, wanda ya buɗe makarantar farko a garin Kirksville da ke jihar Missouri a 1892. Sai dai a kula, a Ingila wanda ake kira "osteopath" ba likitan asibiti ba ne, aikinsa gyaran jiki da hannu kawai. Shi ya sa 'yan uwa za su yi ta tambayarka ko tausa ka je koyo. Ka yi musu bayani sau ɗaya, ka koma kan karatunka.

Yaya shekaru huɗun suke?

Biyun farko aji ne da ɗakin gwaje-gwaje: sassan jikin ɗan Adam, yadda gaɓoɓi ke aiki, cututtuka da magunguna. Biyun ƙarshe zagayen asibitoci ne. Makarantun DO da yawa ba su da babban asibitin koyarwa nasu, don haka ana iya tura ka wani gari, ko ma wata jiha. Tun kafin ka kama gidan haya na dogon lokaci, ka tambayi inda ake tura 'yan aji uku.

Mene ne darasin OMM da ake ta magana a kai?

Shi ne abin da ya bambanta ku da 'yan MD: kusan awa 200 na koyon gano matsalar tsoka da ƙashi da gyara ta da hannu. A jikin juna ake koyo, yau kai ne likita, gobe kai ne a kwance kan tebur, cikin kaya marasa nauyi. Wadda ke da damuwa kan sutura ko taɓa jiki saboda addini, ta je wurin hukumar makaranta tun kafin a fara zango, kada ta bari sai ranar darasi. Wasu ɗalibai kan raina OMM, su ce ba za su yi aiki da shi ba. Ra'ayinsu ne, amma yana fitowa a jarrabawa, kuma hannu ba ya koyon abu a dare ɗaya.

Jarrabawa ɗaya zan rubuta ko biyu?

Nan ne gizo ke saƙa. COMLEX, jarrabawar samun lasisin aikin likita, dole ce ga ɗan DO, matakai uku ne. USMLE ta 'yan MD ce, amma kana iya rubuta ta. Daga 2022 matakin farko na kowacce ya koma ci ko faɗuwa, babu maki, don haka idon masu ɗaukar likitoci horo ya koma kan mataki na biyu. Tun 2020 kuma tsarin horon ƙwarewa ya zama ɗaya ga MD da DO. Mai neman fannin da ake rububi, kamar tiyatar ƙashi ko cututtukan fata, gara ya rubuta duka biyun. Mai son likitancin iyali sau da yawa COMLEX ta wadatar.

Yaya zan yi da yawan karatu?

Haddar dare ɗaya ba ta aiki a nan. Bita kullum, ko da kaɗan ne, da amsa tambayoyin gwaji tun makon farko. Da yawa suna amfani da manhajar Anki, ta bita da katunan tambaya da amsa. Idan ka faɗi gwajin farko, ka nemi malaminka a makon nan, kada ka jira na biyu.