efivarfs: Tsarin Fayil na Ajiyoyin Manhajar Tushe a Linux

efivarfs wani ƙaramin tsarin fayil ne a cikin ƙwayar Linux, wato ɓangaren manhajar da ke hulɗa kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. Aikinsa shi ne ya fito da bayanan da manhajar tushe ta UEFI take ajiyewa, ya nuna su a matsayin fayiloli, ta yadda mutum zai iya karanta su, ya canza su, ko ya goge su da umarnin da ya saba amfani da su kullum. Ya shiga Linux a siga ta 3.8, wadda ta fito a watan Fabrairun 2013, kuma ana maƙala shi ne a /sys/firmware/efi/efivars. Fayilolinsa ba a kan faifan ajiya suke ba. Suna cikin wani ɗan cif da aka manne a jikin babban allon kwamfutar, kuma duk tarihin efivarfs, da irin gwajin da ake yi masa, daga wannan bambancin suka taso.

Abin da ake ajiyewa

Manhajar tushe ita ce ke fara aiki da an danna maɓallin kunnawa, tun kafin Windows ko Linux su farka. Masu gyara a Zariya, a PZ da Sabon Gari da Samaru, har yau BIOS suke ce mata, amma a yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga 2012 zuwa yau UEFI ce a ciki. Kamfanin Intel ne ya faro ta a ƙarshen shekarun 1990 da sunan EFI, domin manyan na'urorinsa na Itanium, daga baya a 2005 aka miƙa ƙa'idojinta ga wata ƙungiyar kamfanoni mai suna UEFI Forum.

UEFI tana da abubuwan da dole ta riƙa tunawa ko da an kashe wuta: wace manhaja za a fara tayarwa, daƙiƙa nawa za a jira, waɗanne makullai aka amince da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ajiya ce mai zaman kanta, tana da suna, tana da wata doguwar lambar shaida da ake kira GUID wadda ke nuna mai ita. BootOrder na riƙe da jerin tashi. Boot0000 da Boot0001 da 'yan uwansu kowace na bayanin hanya ɗaya ta tashi. SecureBoot na faɗin ko kariyar tashi, wato tsarin da ke hana tayar da manhajar da ba a amince da ita ba, a kunne take. PK da KEK da db da dbx su ne makullan wannan kariya da jerin abin da aka yarda da shi da wanda aka haramta. Yawancin ajiyoyin da ƙa'idar UEFI ta tanada wa kowa suna ɗauke da lamba 8be4df61-93ca-11d2-aa0d-00e098032b8c. Bayan su kuma kowane kamfani yana zuba nasa, waɗanda sau da yawa babu wanda ya san ma'anarsu sai shi.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. A zamanin tsohuwar BIOS, idan saiti ya rikice, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo yakan mayar da komai yadda yake. Ajiyoyin UEFI kuwa a cikin ma'ajiyar filas suke, galibi a cif ɗaya da manhajar tushen kanta, kuma filas ba ta buƙatar batiri kafin ta riƙe abin da aka rubuta mata. Wanda ya lalata su ba lallai cire batiri ya cece shi ba.

Linux ba ta taɓa wannan cif da hannunta. UEFI ce ta bar wasu ƙofofi a buɗe bayan tashi: GetVariable domin karantawa, SetVariable domin rubutawa da gogewa, GetNextVariableName domin bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai QueryVariableInfo domin tambayar wurin da ya rage. Duk abin da efivarfs ya yi, ƙarshensa kiran ɗaya daga cikin waɗannan ne. Ke nan ɗan aike ne, kuma ingancin saƙon ya dogara da wanda aka aike shi wurinsa.

Dalilin ƙirƙirarsa

Kafin zuwansa akwai tsohuwar hanya mai suna efivars, wadda Matt Domsch na kamfanin Dell ya rubuta, tana zaune a /sys/firmware/efi/vars. Ta yi aiki shekaru, sai dai ba ta ɗaukar ajiyar da ta wuce bayit 1024. Tsohuwar ƙa'idar EFI ce ta sa wannan iyaka, kuma an daɗe da cire ta daga ƙa'idar. Da Windows 8 ta zo a 2012 tare da sharaɗin kariyar tashi, sai ajiyoyi irin su db suka cika da takardun shaida waɗanda ko guda ɗaya kan iya zarce wannan iyaka. Tsohuwar riga ta yi kaɗan.

Matthew Garrett, wanda a lokacin yake Red Hat, shi ya rubuta efivarfs a 2012. Jeremy Kerr ya yi aiki a kansa sosai, kuma shi ya kawo gwaje-gwajensa na farko. Matt Fleming ne ke kula da ɓangaren EFI na ƙwayar a wancan lokacin, daga baya aikin ya koma hannun Ard Biesheuvel. Hanyoyin biyu sun zauna tare kusan shekara goma, har aka cire tsohuwar a Linux 6.0 a 2022.

Siffar fayil ɗin

Sunan kowane fayil shi ne sunan ajiyar, sai ɗan layi, sai GUID ɗinta. Bayit huɗu na farko ba sa cikin bayanin, halayen ajiyar ne. Lamba 1 na nufin ta dawwama bayan kashe wuta, 2 na nufin ana ganinta lokacin tashi, 4 na nufin ana ganinta bayan manhaja ta karɓi ragama. Yawanci akan tarar da 7, jimlar ukun. Bayan waɗannan huɗun ne ainihin bayanin yake farawa. Shi ya sa fayil ɗin SecureBoot yake da bayit 5, huɗu na halaye, ɗaya na eh ko a'a. BootOrder mai hanyoyi uku kuwa bayit 10 ne, domin kowace hanya bayit biyu take ci.

Rubutu yana da sharaɗi mai tsauri. Dole halaye da bayani su tafi tare a kira guda, tunda SetVariable ba ta san a ba ta rabi yanzu rabi an jima ba. Manhajar da ta saba yanyanka rubutu gunduwa-gunduwa za ta iya aika shirme ba tare da ta sani ba. Haka kuma UEFI ba ta san ajiya maras komai ba: a wurinta, rubuta bayani mai tsawon sifili umarnin gogewa ne. Sunaye ma sai an yi musu juyi, domin UEFI da UCS-2 take rubuta su, Linux kuma UTF-8 take so, kuma idan suna ya zo da alamar / wadda ba ta halatta a sunan fayil ba, sai a musanya ta da alamar motsin rai. Saboda waɗannan ƙananan tarkuna ne aka fi son mutane su bi ta manhajojin da aka yi domin wannan aiki, irin su efibootmgr ko efivar ko mokutil, maimakon rubutu da hannu.

Darussa biyu masu tsada

A farkon 2013 aka fara samun labarin wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka na Samsung da ke mutuwa murus bayan an tayar da Linux a kansu ta hanyar UEFI. Da farko an zargi wani direba na Linux da aka rubuta domin kwamfutocin kamfanin. Garrett ya bi diddigi, ya nuna cewa ciwon a manhajar tushen yake: idan ma'ajiyar ajiyoyi ta cika ya wuce wani mataki, na'urar ba ta sake tashi, kuma ya nuna ana iya jawo hakan ko daga cikin Windows. Linux ta fi faɗawa ramin ne saboda idan ƙwaya ta faɗi takan rubuta bayanin faɗuwarta a cikin waɗannan ajiyoyi.

Akwai dalilin da ya sa cikowa ke da haɗari. Filas ba a goge ta bayit-bayit, sai babban yanki gaba ɗaya. Don haka ajiyar da aka goge alama kawai ake sa mata, wurinta ba ya dawowa sai manhajar tushe ta yi shara, yawanci a tashi na gaba, kuma sharar kanta tana buƙatar fili. Maganin farko da aka sa a ƙwaya shi ne ƙin duk rubutun da zai sa cikar ma'ajiyar ta wuce rabi. Wannan ya hana wasu kwamfutoci masu lafiya ko da ƙara hanyar tashi, sai aka sassauta zuwa barin aƙalla kilobayit 5 a sarari. Mai son cire wannan kariya yana iya tayar da ƙwaya da efi_no_storage_paranoia, amma ban ga abin da zai kai mai kwamfuta ɗaya tilo ga yin haka ba.

Darasi na biyu ya zo a Janairun 2016. Wani mai kwamfutar MSI ya ba da umarnin gogewa na rm -rf a kan tushen faifansa da niyyar share Linux ya sake zubawa. Umarnin ya bi folda bayan folda har ya shiga efivars ya share ajiyoyin, kwamfutar kuma ba ta ƙara nuna ko tambarin kamfani ba. Aka yi ta muhawara kan systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux bayan ƙwaya, wadda ke maƙala efivarfs da izinin rubutu. Lennart Poettering, jagoran masu rubuta systemd, ya tsaya a kan cewa akwai ayyuka na halal da ke buƙatar rubutun, kamar umartar kwamfuta ta shiga shafin saiti a tashi na gaba. A ƙa'ida laifin manhajar tushe ne, domin ya kamata ta iya farfaɗowa ko an share mata komai. Amma faɗin mai laifi ba ya tayar da matacciyar kwamfuta. Peter Jones ya kawo gyaran da ya shiga Linux 4.5 a Maris 2016: duk ajiyar da ba ta cikin jerin sanannun da ƙwaya ta san yadda ake tantance su, ana kulle ta da alamar hana canji, sai mai cikakken iko a kan kwamfutar, wato root, ya cire alamar da chattr -i kafin ya taɓa ta. A ganina wannan ne gyara mafi hikima a tarihin efivarfs, domin bai ƙwace wa kowa iko ba, ya dai sa dole mutum ya yi niyya kafin ya yi ɓarna.

Ko karatu ma an sa masa linzami. A wasu na'urori kowane kira yakan dakatar da dukkan kawunan injin na ɗan lokaci, don haka a 2018 aka taƙaita wa wanda ba shi da cikakken iko karatu zuwa sau 100 a daƙiƙa.

Yadda ake gwada shi

Gwaje-gwajen suna cikin taskar lambobin Linux a tools/testing/selftests/efivarfs. Babbansu rubutun efivarfs.sh ne, tare da ƙananan shirye-shirye biyu na harshen C, create-read da open-unlink. Suna aiki da wata GUID ta gwaji domin kada su shiga gonar kowa, kuma idan ba mai cikakken iko ne ya kira su ba, ko ba a maƙala efivarfs ba, sai su tsallake.

Tambayoyin da suke yi kamar masu sauƙi ne, amma kowace tana tsaye ne a inda al'adar fayil ta saɓa da al'adar UEFI. An ƙirƙiri fayil ba a rubuta masa komai ba, me karatu zai dawo da shi, alhali a wurin manhajar tushe babu wannan ajiya? Gwajin yana son a ga ƙarshen fayil nan take, ba kuskure ba. An rubuta halaye huɗu kaɗai a kan ajiyar da ke nan, shin ta ɓace kamar yadda ƙa'ida ta ce? An buɗe fayil, an goge shi yana buɗe, sannan an nemi karantawa: a tsarin fayil na yau da kullum bayanin yana nan har a rufe, a nan kuwa dole karatun ya ƙi, tunda ajiyar ta riga ta bar cif. Sai jerin sunaye na daidai da na banza, domin a tabbatar ana karɓar masu cikakkiyar GUID ana korar sauran.

Inda ake gudanar da gwajin ya fi gwajin kansa muhimmanci. Masu wannan aiki suna farawa ne da kwamfutar kwaikwayo ta QEMU tare da OVMF, wato manhajar UEFI ta buɗaɗɗen tushe daga aikin TianoCore EDK II. A can ajiyoyin duka suna cikin fayil guda, OVMF_VARS.fd. Ka kwafe shi gefe, ka cika ma'ajiyar har ta toshe, ka share BootOrder, ka kashe injin ana tsakiyar rubutu, in ya lalace ka mayar da kwafin cikin daƙiƙa. Rauninta ɗaya ne: OVMF tana bin ƙa'ida da kyau, alhali matsalolin 2013 da 2016 daga manhajojin da ba su bi ba suka fito. Don haka gwaji a kan ƙarfe na gaske ba ya faɗuwa, kuma a nan ne fwts, kayan gwajin manhajar tushe na Canonical, yake da amfani, domin shi manhajar tushen yake tuhuma, ba Linux ba.

Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli, efivarfs ƙofa ce mai kyau ta shiga karatun ƙwaya. Lambobinsa a fs/efivarfs 'yan fayiloli ne da za a iya karance su a zama biyu ko uku, kuma a cikinsu akwai duk gaɓoɓin tsarin fayil: maƙalawa, neman suna, karatu, rubutu, gogewa. Sai dai yawancin ɗalibai a nan kwamfuta ɗaya gare su, ta hannu ce, a cikinta aikin kammala karatu yake, batirinta kuma ya gaji. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta filas, abin da zai biyo baya ya danganta ga yadda kamfanin ya gina manhajarsa. Karatu da efibootmgr -v ko leƙa foldar ba ya cutar da komai. Rubutu da gogewa kuwa a bar su a cikin QEMU. Idan ta riga ta faru, gyaran shi ne a buɗe kwamfutar, a kama cif ɗin da ɗan maƙali ko a cire shi da zafi, a sake zuba masa manhaja da na'urar rubutu irin CH341A, kuma hakan ma sai an sami kwafin da ya dace da wannan allon daidai.

Girman ajiyoyi bai daina zama matsala ba. Jerin dbx na ƙara tsawo duk lokacin da aka haramta wata manhajar tashi mai rauni, kamar yadda ya faru bayan raunin tsaro mai suna BootHole da aka gano a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a Yulin 2020, kuma takardun shaidar Microsoft na 2011 wa'adinsu 2026 ne, sai an zuba sababbi a KEK da db. A Linux duk wannan ta efivarfs yake bi, zuwa cikin ma'ajiyar da a tsofaffin kwamfutoci 'yan gomman kilobayit ce kawai. Tun 2023 umarnin df yana iya nuna yawan wurin da ya rage a cikinta.