Hutun hunturu: ku fita da yara, amma ku lura da ɗakin da za su kwana

An ba da hutun zangon farko, hunturu ya kankama, ga bukukuwan aure sun taso a Katsina da Daura da ƙauyukan da ke tsakaninsu. A irin wannan lokaci iyaye mata kan tambaye mu a asibiti ko su tafi da yara cikin wannan hazo, ko kuwa su bar su a gida. Ni dai nakan ce a tafi da su. Babu lokacin da ya fi wannan daɗin yawo a ƙasarmu: rana ba ta da zafi, ruwa ba ya tare hanya, ga rake da dankali da lemu sun yi araha.

Wuraren zuwa ma ba sai an yi nisa ba. Yara da yawa an haife su a cikin birnin Katsina amma ba su taɓa tsayawa gindin Hasumiyar Gobarau ba, ginin ƙasa mai tsayin kimanin mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi. A zaga da su Ƙofar Soro su ga Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, a bi ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa ana faɗa musu sunayen. Mai hali ya kama hanyar Daura, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, yara su leƙa rijiyar Kusugu da suke jin labarinta a aji, ta Bayajidda da Daurama da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙi kan kurɓi ruwan rijiyar don tarihi. Jaririn da bai kai wata 6 ba kada a ɗiga masa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwan ina ne.

A bar hantsi ya ɗaga kafin a fita, a dawo kafin magariba. Sanyin asuba shi ya fi dukan ƙananan yara da masu asma da masu sikila. Ƙurar nan da muke shaƙa iska ce ke kwaso yawancinta tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma laushinta ya kai ta wuce hanci ta isa huhu. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango gaba sosai, a ɗage tafiyar. Direba ya kunna fitila ko da rana ce, ya rage gudu, kada kuma a ɗora yaro a cinya a kujerar gaba. Tafiyar dare kuwa, da halin tsaron da ake ciki, ba sai na tsaya jan zance ba. Idan aka yi haɗari, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

A jaka a sa rigar sanyi da hula da safa, da man kaɗanya don faso da tsagewar leɓe, da ruwan sha mai yawa, domin a hunturu yaro ba ya jin ƙishi alhali jikinsa na bushewa. Mai sikila a riƙa tuna masa shan ruwa, kuma kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Mai asma kada ya bar abin shaƙarsa a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. An isa gidan biki lafiya, an ci an sha, sai a tara mata da yara goma sha a ɗaki guda. Saboda sanyi a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, sannan a shigo da kaskon garwashi a ajiye tsakiyar ɗaki. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma sanin ana yi, sai dai da safe a yi ta tashinsa bai tashi ba, a ce iskokai ne. Haka janareta ke yi idan aka kunna shi a zaure ko kusa da taga. A ji ɗumin a tsakar gida, a kashe wutar kafin a kwanta, a ƙara wa yara bargo. Wanda aka samu ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fito da shi sarari nan take, a wuce asibiti ko da ya farfaɗo.

Cunkoson da rashin iskar su ne kuma ke ba sanƙarau da ƙyanda hanya. Jiharmu na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa, daga Disamba har zuwa faɗuwar damina, kuma yana bi ta numfashi da tari ne daga mutum zuwa mutum. Don haka, Hajiya uwar biki, a raba baƙi ɗakuna ko da sai an roƙi maƙwabta, a bar taga ɗaya a buɗe, a ɗaura gidan sauro. Sanyin da zai shigo ta tagar kuwa, bargo na maganinsa.

Kafin a tashi, a buɗe katin rigakafin yaro a duba. Allurar ƙyanda ta farko da ta sanƙarau ana yin su a wata 9, ta ƙyanda ta biyu a wata 15, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. A tafi da katin.

Idan yaro ya kama tari a can, kada a tsaya kan sayen maganin tari a kemis. A ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar nimoniya ce, balle idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, wannan ba ya jiran a kai amarya, ba ya jiran a koma gida. A kai shi asibitin da ya fi kusa a garin da ake, a daren, sannan a sanar da ma'aikatan lafiya yawan mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da shi.