Yaɗuwar ƙwayoyin bairos ta nonon uwa

Ƙwayoyin bairos uku ne aka fi sani suna bin nono su kama jariri: HIV mai jawo ƙanjamau, da HTLV-1 mai iya jawo wani nau'in sankarar jini, da CMV, wata ƙwaya gama-gari da ba ta cika damun manya masu lafiya ba. Ƙwayar kan zo tsurarta cikin ruwan nono ko a ɓoye cikin fararen ƙwayoyin jinin uwa, ta shiga ta fatar baki, maƙogwaro ko hanjin jariri.

Ƙanjamau

An fara ba da rahoton kamuwa ta nono a Ostireliya a 1985, kan jaririn wata mata da ta kamu ta ƙarin jini bayan haihuwa. Aka daɗe ana muhawara, domin madarar gwangwani tana kare jariri daga ƙwayar, amma inda babu tsaftataccen ruwa gudawa da tamowa kan kashe shi. Wani bincike a birnin Durban na Afirka ta Kudu, wajen 1999, ya nuna nono zalla ya fi aminci a kan haɗa shi da ruwa ko kunu, waɗanda ake ganin suna raunana bangon hanji. Shi ya sa ɗura wa jinjiri ruwa, zuma ko jiƙo abin gudu ne. Tsagewar kan nono, kumburinsa da ƙurajen bakin jariri suna ƙara haɗarin, haka ma uwar da ta kamu tana cikin goyo, don lokacin ƙwayar ke yawa a jini.

Ba tare da magani ba, shayarwa kan harbi jarirai 5 zuwa 20 cikin 100. Idan uwa ta riƙe maganinta kullum har ƙwayar ta kwanta, haɗarin kan sauka ƙasa da 1. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawartar irin wannan uwa ta ba da nono zalla wata 6, ta ci gaba aƙalla zuwa wata 12. Ƙasashe masu arziki sun daɗe suna fifita madara.

HTLV-1

Ta fi yawa a kudancin Japan, tsibiran Karibiyan da Afirka ta Yamma. Doguwar shayarwa kan harbi kusan jarirai 20 cikin 100. Jihar Nagasaki ta Japan ta fara gwada masu ciki wajajen 1987.

CMV

Bakwaini ne abin damuwa, wanda aka haifa bai kai mako 32 a ciki ba, ko nauyinsa bai kai giram 1,500 ba. Dumama nono a digiri 62.5 a ma'aunin Celsius na minti 30 yana kashe ƙwayar, daskarar da shi kuwa rage ta kawai yake yi.

Ciwon hanta nau'in B ba ya hana shayarwa idan an yi wa jariri rigakafi cikin awa 24.